Na ga laftof ɗin gem mai araha a Instagram, in tura rabin kuɗin?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ABU, ina aji uku a sashen zanen gine-gine, ina haya a Hayin Dogo. Tun da na shiga makaranta nake aron kwamfutar abokai in yi aikina, har na fara jin nauyi. Watan jiya yayana da ke aiki a Abuja ya turo mini naira 600,000 ya ce in sayi kwamfutar karatu, na haɗa da 300,000 da na tara daga zanen fosta da katin biki. Maganar gaskiya ni ta gem nake so, don ina son buga wasan ƙwallo na FC da na yaƙi Call of Duty, amma ban faɗa masa ba. Na ga wani shafi a Instagram, sun ce shagonsu na Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, suna da sabuwar laftof fil a kwali mai katin hoto RTX 4060 a kan 620,000. Mun yi magana da mutumin a WhatsApp, ya ce kayan kwastan ne aka yi gwanjonsu shi ya sa suka yi araha, guda biyu suka rage, in tura rabin kuɗi kafin Juma'a ya sa mini a mota, in cika idan ta iso. Wani abokina kuma ya ce in bar laftof in haɗa ta tebur. Na rasa na kamawa, kuma zuciyata ba ta kwanta ba game da Yaya.

Wani ɗalibi, daga Samaru

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa yayanka da alheri, don a wannan marra ba kowane ɗan'uwa ne zai zare 600,000 ya miƙa wa ƙaninsa ba.

Kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Ba rabi ba, ba kuɗin mota ba, ba “ɗan abin da zai nuna da gaske kake” ba, don na san in ka ja baya nan zai koma.

Zo mu yi lissafi. Ba a ƙera irin wannan na'ura a Najeriya, da dala ake sayo ta. Laftof masu RTX 4060 sun fito a 2023, kuma a Amurka ma, inda suka fi sauƙi, ƙananan cikinsu sun riƙa tafiya ne tsakanin dala 700 da dala 1,000 da ɗoriya, 700 ɗin ma sai an yi rangwame. Dala kuwa ka san inda ta kai tun da gwamnati ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023: daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Ko a kan 1,400 ka buga lissafin, dala 700 ta kama naira 980,000, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na kwastan ba, ba hayar shago, ba ribar mai kaya. To wane ɗan kasuwa ne a Ikeja zai riƙe kayan da maƙwabcinsa na shago zai saye a hannunsa nan take a kan sama da miliyan, ya tsallake shi, ya biyo ɗalibi har Samaru yana lallashinsa ya karɓa a 620,000? Kasuwar nan cike take da dillalan da ba su da aiki sai farautar kaya mai araha. Da laftof ɗin tana nan a wannan kuɗin, da ba ta kai la'asar a shagon ba.

Zancen gwanjon kwastan kuma tsohon zance ne. Gaskiya ne hukumar tana gwanjon kayan da ta kama, amma ta shafinta na intanet take yi, kuma ita da kanta ta sha fitowa tana jan kunnen jama'a game da masu damfara da sunanta a Facebook da WhatsApp. “Biyu suka rage” da “kafin Juma'a” an faɗa maka su ne don kada ka sami sukunin yin shawara da kowa. Ga yadda abin ya saba tafiya: kana tura rabin, zai turo maka hoton kwali an rubuta sunanka da maka, har da takardar waybil. Washegari wata baƙuwar lamba ta kira ka, wai direba ne, an tare su a Lokoja, sai an biya wasu 'yan dubbai kafin a saki kaya. Za ka biya, saboda ka riga ka zuba 310,000 ba ka son su salwanta. Jibi a sake ƙirƙiro wani dalilin. Ranar da ka ce ba ka da shi, ranar layin zai daina shiga, shafin kuma ya sauya suna. Yawan mabiya kada ya ruɗe ka, sayen su ake yi, haka ma masu yabon da ke ƙasan hoto. Hotunan shago da na kaya kuwa daga shafin wani mai gaskiya ake kwaso su.

In kana son ka kawar da shakka da kanka, gwaji ɗaya ya isa. Ce masa kana da kawu a Agege, kusa da Ikeja, zai zo shagon gobe da kuɗin cif-cif a hannu, ya ba ka sunan filaza da lambar shago. Mai kaya na gaskiya murna zai yi. Wannan kuwa za ka ji an fara cewa kayan suna sito, ko su a intanet kawai suke ciniki, ko oga ya yi tafiya. Ka kuma duba sunan da ke kan akawun ɗin da ya ba ka, ka gani ko ya yi daidai da sunan shagon. Ko da ya tsallake duk wannan, dokar ba ta sauya ba: ba a cinikin biri a sama, sai idonka ko idon wanda ka yarda da shi ya ga na'urar a kunne kafin kuɗi su fita.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Wasiƙarka ta zo da matsala biyu, kai kana ganin kowace daban take, ni kuwa guda ɗaya nake gani. Me ya kai ka WhatsApp ɗin baƙo a Legas da dare, alhali kana da yaya a Abuja, garin da Banex Plaza take, inda shagunan kwamfuta ke jere hawa-hawa? Ɓoyon da kake yi masa ne. Ba ka son ya ga irin laftof ɗin, shi ya sa ka zaɓi hanyar da ba zai bi ta kanta ba, kuma ita ce hanyar da ɓarayi ke zaune a bakinta. Ka kwatanta ranar da za ka kira shi ka ce kuɗin sun tafi. A ranar ba zancen gem kaɗai za ka amsa ba.

Abin dariyar shi ne ba ka ma da abin ɓoyewa sosai. Ɗalibin zanen gine-gine ba irin ɗalibin da Word da PDF suka ishe shi ba ne. A cikin manhajojin zanenku, AutoCAD zai lallaɓa a ƙaramar na'ura, amma da zarar ka shiga Revit da SketchUp da manyan zane, balle Lumion da kacokan kan katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hoto, ya dogara, ƙaramar laftof ta ofis za ta riƙa numfarfashi tana tsayawa. Na'urar da za ta ɗauki aikinka na aji huɗu ita ce dai wadda 'yan kasuwa ke kira ta gem. Don haka ka kira shi ka ce, “Yaya, na bincika, irin kwamfutar da aikinmu ke buƙata ita ce mai katin hoto na daban, ana ce mata ta gem. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ina so in riƙa ɗan buga ƙwallo a kanta in na gama aiki.” Kada ka tsaya a rabin farko ka haɗiye na biyun, don in ka yi haka wayo ka yi masa da gaskiya. Kuɗinsa ne, amana ce ya ba ka. Wataƙila ya yi faɗa na minti biyar, wataƙila ya yi dariya ya ce shi ma ya yi zamanin wasan ƙwallo na PES. Wataƙila kuma ya gindaya maka sharaɗi, kamar ba gem sai an gama jarrabawa. Ka karɓa. Mutumin da ya cire wannan kuɗi yana da hakkin ya ce wani abu, kuma tsakanina da kai, Call of Duty ta ci darajar digirin mutane da yawa, ba su farga ba sai da sakamako ya fito a allo.

Ba cewa nake yi a guji intanet ba. Sai dai ka san kasuwannin cikinta ba ɗaya ba ne. Jumia da Konga suna tsayawa tsakaninka da mai kaya, kuɗi ta hannunsu suke bi, kuma suna da ƙa'idar mayar da kaya cikin wasu kwanaki. A nan ma ka duba wane ne ainihin mai sayarwar, tun yaushe yake, me masu saye suka ce, ka karanta sharaɗin mayarwa kafin ka danna, in kuma ta iso ka ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif ɗin kwali har kunnawa. Jiji da Facebook Marketplace da Instagram kuwa allon talla ne kawai. Akwai 'yan kasuwa na ƙwarai a ciki, amma ba wanda ke riƙe maka kuɗi, in aka cuce ka kai da Allah. Sayowa daga Amazon ko wani shagon Amurka na burge mutum in ya ga farashi, sai an ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ladan mai kawowa ka ga ribar ta zagwanye, garantin kuma sau da yawa ba ya aiki a nan. Hanyar da nake ba irinku shawara ita ce ka yi amfani da intanet wajen sanin farashi da tantance shaguna uku ko huɗu masu adireshi, sannan a je a gani. Yaya ya shiga Banex ranar Asabar, ko kai ka hau mota a Kwangila ka tafi Kano, titin Beirut da Farm Centre, ka dawo a ranar. Ka leƙa shagunan PZ na Zariya ma ka ji nasu farashin, ko don ka san abin da za ka taya. Kuɗin motar Kano ba komai ba ne a kan 900,000.

Me kuɗinka za su saya? Ka cire ran sabuwa mai RTX 4060, sai dai in Yaya zai yi ciko. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne sabuwa mai ƙaramin kati, RTX 3050 ko 4050 in an dace, a jerin masu sauƙin kuɗi irin su Lenovo LOQ, HP Victus, Acer Nitro da ASUS TUF, ko kuma wadda aka yi amfani da ita a waje, wadda suke ce wa London used, mai RTX 3060. Ba aibu ba ne sayen ta hannu in an faɗa maka ta hannu ce kuma an yi mata kuɗin ta hannu. Cutar ita ce a goge tsohuwa, a sa ta a kwali, a karɓi kuɗin sabuwa.

Katin hoton nan shi ne zuciyar cinikin, shi za ka fara tambaya, domin a laftof manne yake da allon ciki, ba a sauya shi. RAM, ƙwaƙwalwar aiki, da SSD, ma'ajiyar fayil, galibi ana iya ƙara su daga baya. Saboda haka in zaɓi ya zo tsakanin mai kati mai ƙarfi da RAM 8, da mai kati rarrauna da RAM 32, ɗauki ta farkon, ka ƙara RAM ya kai 16 in ka sami sarari. Ka tambayi ƙwaƙwalwar katin kansa: 3050 na laftof akwai mai gigabait 4 akwai mai 6, 3060 da 4050 suna da 6, 4060 na da 8. Don Lumion da sababbin wasanni, 4 ya yi kaɗan. Akwai kuma abin da masu talla ba su cika rubutawa ba, wato yawan wutar da aka bar katin ya sha. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har sama da 100, gwargwadon yadda kamfani ya gina na'urar, suna ɗaya amma gudu ba ɗaya ba. Sirarar nan masu kyan gani su ne aka fi shaƙe wa wuya. Ka nemi cikakkiyar lambar samfurin ka duba a shafin kamfanin.

Kada kuma a ruɗe ka da “Core i7 ce fa”. Corolla ta 2003 da ta 2020 duk Corolla ake ce musu. Core i7 sunan injin kwamfutar ne na kamfanin Intel, lambar da ke bin i7 ɗin ita ke gaya maka zamaninsa: i7-7700HQ na 2017 ne, zubi na 7, i5-12450H ko i5-13420H sun bar shi nesa ba kusa ba. Ga shi Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar Intel da bai kai zubi na 8 ba, Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Ryzen 5 da Ryzen 7 na AMD na 'yan shekarun nan ba su da laifi ko kaɗan, sau da yawa ma sun fi sauƙin kuɗi. SSD kada ya gaza gigabait 512, don Call of Duty kaɗai tana iya lashe sama da 100.

Abokinka da ya ce ta tebur ba ƙarya ya yi ba. A kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi shan iska, kuma komai nata ana cirewa a sauya. Amma shi zai riƙa ɗaukar maka ita zuwa situdiyo? Sannan wuta. Ka fi ni sanin yadda NEPA take a unguwarku. Ta tebur ana ɗauke wuta ta mutu da aikinka a ciki, sai ka haɗa mata UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ga allo da kibod da za ka saya daban. Kai laftof ce taka. Sai dai ka sani laftof ɗin gem ba ta yin ƙarfinta sai a jone. A kan batir gudunta raguwa yake, kuma in kana wasa awa ɗaya zuwa biyu ta ƙare. Cajarta ma ba irin 'yar ƙaramar nan mai wat 65 ba ce, za ka ga 170 ko 230, don haka ƙaramin sola na cajin waya da fitila ba zai ɗauke ta ba. In za ka jona a janareton maƙwabta ko na shagon caji, ka sa mata abin kare wuta, don cajar asali in ta ƙone samun irinta aiki ne.

Zafin Zariya na Maris da Afrilu da ƙurar hunturu su ne abokan gabanta na gaba. Ta ƙasa take shaƙar iska. In ka ɗora ta kan katifa ko darduma ka toshe mata hanci, za ka ji fanka na kuka, wasa na sarƙewa. Tebur, da ɗan abin ɗaga bayanta, da kai ta a buɗe a share ƙura bayan kowane hunturu.

Ranar ciniki, ko kai ne ko Yaya, kada a yi sauri, kuma a tafi da wanda ya san kan abin. Tun daga gida ka sauke manhajojin bincike GPU-Z, ta duba katin hoto, da CrystalDiskInfo, ta duba SSD, a filas, kyauta ne. A shago ka juya laftof ɗin ka dubi sukurorin ƙasa, in bakinsu ya cinye an sha buɗe ta. Lambar siriyal da ke ƙasanta, da ta jikin kwali, da ta cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, dole su zama ɗaya. Ka shigar da lambar a shafin garanti na kamfanin a wayarka kana tsaye a nan, zai nuna maka samfurin da lokacin da garantinta ya fara. In ya nuna ya fara shekara biyu da suka wuce, mai shago kuma yana rantsuwa sabuwa ce, ka ga inda aka kwana. Kunna ta, ka buɗe Task Manager ka ga sunan katin da ƙwaƙwalwarsa da idonka, kada ka yarda da sitikar da ke jiki, sitika a kasuwa ake sayar da ita. CrystalDiskInfo zai gaya maka awa nawa SSD ɗin ya yi a kunne. Sabuwa 'yan awanni za ka gani, ba ɗaruruwa ba. Don batir, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Sannan ka ce a sa mata wasa mai nauyi ta yi kamar rabin awa a jone. A nan ne mai ciwo take tona kanta: hoto ya fara yayyagewa, ko ta mutu da kanta, ko fanka ɗaya ta ƙi juyawa. Kana jira ka bi maɓallan kibod ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kowace kafar USB, da kyamara, da Wi-Fi, ka sa allon fari fat sannan baƙi ƙirin ka nemi ɗigo. Ka tabbatar BIOS ba a kulle yake da kalmar sirri ba, don wasu na hannun daga kamfanonin waje suka fito da makullinsu. Mai shagon da ya fara ƙosawa da wannan bincike ya ba ka amsa, ka yi masa sallama ka shiga na gaba. Wanda kuka daidaita da shi kuma ya rubuta maka rasit mai sunan shago, da lambar siriyal, da kwanakin garantin da ya ba ka. Na baki ba ya zuwa ko'ina. Ka biya ta tiransifa zuwa akawun ɗin shagon, don ya zama akwai shaida in ta kai ga hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC.

In aikin makaranta zai iya jira kuma Nuwamba ta kusa, rangwamen Black Friday na manyan shagunan intanet yakan taɓa kwamfutoci. Ka fara rubuta farashi makonni kafin lokacin, don wasu sai sun ɗaga sannan su “rage”. Fitowar zubin RTX 50 a 2025 ma ta sa masu riƙe da zubin RTX 30 da 40 sun fi sauraron tayi, don haka ka taya ba kunya.

Kada ka zuba 900,000 ɗin gaba ɗaya a kan na'urar. Ka ware wani abu don jaka mai kauri, da linzami, da abin kare wuta, da data, don sauke wasa ɗaya kan cinye abin da kake sha a wata. Wasannin asali da dala ake sayen su, amma eFootball da Warzone kyauta ne. Waɗanda ake zuba wa mutane a shago kuwa, fasassun nan, sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, kuma a na'urar da zanen furojet ɗinka yake za su zauna. In kun zagaya kun samo biyu ko uku da kuke tunani, turo mini cikakkun lambobin samfurinsu da kuɗin da aka yanka muku, in duba maka kafin ku biya.